Sharaɗi Na Bakwai

Litinin, 6 ga Oktoba, 5:40 na yamma

Sun ɗora mini aikin. Na san za a yi haka tun da Jamil ya fara saƙonsa da "Oga Luka, kai ne babbanmu." Bai taɓa kirana babba ba sai yana da kayan da zai sauke a kaina.

Mu biyar ne ke kula da Zauren Matafiya a Fesbuk. Ni, da Jamil ɗan Abuja, da Muhyiddeen mai sayar da tikitin jirgi a Jidda, da Hajiya Khaulat mai shirya bukukuwa a Kano, da Ɗayyabu direba, wanda ba garin da bai kwana ba daga Sakkwato zuwa Mubi. Mutum dubu goma sha ɗaya ke karanta mu. Yanzu an ce a fitar da jerin otal-otal na alfarma a Arewa, har da na ƙananan garuruwa, kafin lokacin bukukuwa da tarukan yaye ɗalibai. Kafin a jera kuwa sai an faɗi abin da ake nufi da alfarma. Wai ni zan rubuta sharuɗɗan, don na yi shekara tara a teburin karɓar baƙi na wani babban otal a Abuja kafin in dawo kula da kayan ɗakin gwaje-gwaje a jami'a nan Wudil.

Ina rubuta wannan a ɗaki na huɗu, masaukin Alhaji Halliru, gaba kaɗan da gada. Wata huɗu ke nan da 'yan kwanaki. Fanka tana kuka kamar akuya. Mai fassara alfarma ke nan.

Na ce musu to. Kullum to nake cewa.

Talata, 7 ga Oktoba, 1:15 na rana

Tun safe ake musu. Muhyiddeen ya ce otal in ba shi da wurin ninkaya kada ma a kawo sunansa. Khaulat ta aiko da murya:

"Muhyiddeen, don Allah rufa mana asiri. Shekara goma ina kai amare otal, ban taɓa ganin wanda ya jiƙa ko ɗan yatsa ba. A tsaya a baki, a ɗau hoto, a koma ɗaki. Ruwan nan na ƙudaje ne."

Ɗayyabu ya ce shi dai a ajiye buta a banɗaki. Ya kwana a wani mai hawa tara a Kaduna, ga madubi har rufi, sai da ya yanke gorar ruwa da wuƙar mota. Jamil ya ce buta ba tsarin duniya ba ce. Ɗayyabu ya ce, "Wace duniyar, yaro? Ni a wannan nake tsarki."

Na yi dariya ni kaɗai a ofis. Daga baya na ji haushin kaina.

Abin da aka yarda da shi zuwa yanzu shida ne. Wuta ba yankewa. Ruwan zafi daga famfo, da buta, na saka wa Ɗayyabu. Zanin gado da tawul a sauya kullum. Esi mai sanyi, ba mai ƙara kawai ba. Abinci duk lokacin da baƙo ya nema. Mai gadi da wurin ajiye mota. Ninkaya ta faɗi.

Laraba, 8 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Na kira Garkida sau biyu. Matata Rifkatu ba ta ɗauka ba. Ƙanwarta ta ce tana gona.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 7:20 na safe

Ya zo ya wuce. Bugu uku da bayan zobe, ba da ƙarfi ba.

"Malam Luka, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji."

"Ya kwanan baƙunta?"

"Da godiya."

"Madalla."

Sai ɗaki na biyar. Wata huɗu, har yau baƙunta yake ce mata. Haka yake bin kowace ƙofa da bakwai na safe, kuma ba ya matsawa sai ya ji murya daga ciki. Mahaifinsa fatoma ne, mai saukar da fataken shanu da ke zuwa kasuwar Juma'a, a wurinsa ya gaji abin. Ya ce tsohon ba ya sa komai a baki sai ya ji muryar duk wanda ya kwana ƙarƙashin rufinsa.

Jiya ya zagaya da ni sabon ginin da ya gama a watan Agusta. Ɗaki shida, tayil har bango, sola a sama, esi sababbi da ledarsu. Gonarsa ta Indabo ya sayar ya yi shi, yana sa ran iyayen ɗalibai da ke wucewa Kano su kwana don ba su san akwai wuri a nan ba. Ina tafe ina lissafa sharuɗɗanmu a zuci. Duk shidan ya cika su. Ban sa masa hannu ba, ban sassauta ko ɗaya dominsa ba, shi ya cika abinsa.

Na ji daɗi. Na lura da hakan ne don an daɗe.

Asabar, 11 ga Oktoba, 4:10 na yamma

Ni na tura Jamil. Zai je ɗaurin aure Dutse, na ce ya kwana a sabon ginin ya gani da idonsa. Ban fita na gaishe shi ba, ban so ya ga ɗakin da nake.

Yau da rana ya sa bidiyo a zaure, yana tuƙi yana magana.

"Jama'a, ɗaki ya yi, wallahi ya yi. Esi kamar kana Jos. Amma bakwai na safe fa! Ƙwan, ƙwan, ƙwan! Wani tsoho ne wai na tashi lafiya? Na yi shiru, ya ƙi tafiya. Haba Baba! In na mutu ai za ka ji wari!"

Mutum ɗari huɗu sun sa alamar dariya.

Na tura wayar ƙarƙashin filo na tafi bakin kogi. Ruwa ya fara ja baya, masu ɗiban yashi sun dawo. Na zauna har inuwar gada ta iso ƙafata.

Da na dawo na tarar ya kawo shawarar sharaɗi na bakwai: ba a ƙwanƙwasa ƙofar baƙo sai in shi ya nema. Muhyiddeen ya goya masa baya nan take.

In zan yi adalci, yaron bai yi ƙarya ba. Ya yi tuƙin awa bakwai, barci ya zo saya. Bakinsa ne ba shi da linzami, amma ƙorafinsa na kan hanya.

Lahadi, 12 ga Oktoba, 11:00 na safe

Ban je sujada ba. Fasto ya aiko da saƙo, ban buɗe ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, 6:15 na yamma

Alhaji ya ga bidiyon. Wani mai suyar kifi a bakin titi ne ya nuna masa, yana zaton abin dariya ne. Na dawo aiki na same shi a benci ƙarƙashin darbejiya, ya matsa mini wuri. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, aiki, gajiya, mutanen gida, sannan ya ce:

"Malam Luka, kai ka yi aiki a manyan wurare. A can in baƙo bai fito ba, wa ke duba shi?"

"Ba kowa, Alhaji."

"Har azahar?"

"Har gobe ma. Akwai wani kati da yake ratayawa a ƙofa. In ya rataya, shi ke nan."

"Kuma can ya fi nan tsada?"

"Nesa ba kusa ba."

"To me suke saya?"

"A ƙyale su suke saya."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ikon Allah." Can kuma ya ce, "Yaron nan ban ji haushinsa ba. Da ya amsa mini da kalma ɗaya ai da na wuce."

Daga inda muke zaune ana hango ƙofar ɗaki na huɗu. Katakon da kafinta ya sa a gefen makulli har yau ba a shafa masa fenti ba, fari ne tas a jikin ruwan ƙasa. Bai dubi wajen ba. Ni ma ban duba ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, 2:30 na rana

Na tuna mutumin ɗaki na 312. Ban so in tuna ba.

Shekarata ta shida a Abuja. Ɗan kwangila ne, mai fara'a, yakan tambaye ni yaren garinmu. Ya rataya katinsa ranar Talata. Laraba da rana mai share ɗakuna ta zo ta ce mini hankalinta bai kwanta ba, tiren abincinsa na nan a ƙofa ba a taɓa ba, ko ta buga? Na ce kada ta kuskura. Na buɗe mata littafin ƙa'ida na nuna mata layin da yatsa.

Alhamis da yamma aka buɗe, aka tarar da gawarsa.

Ba wanda ya ce na yi laifi. Manaja cewa ya yi na bi tsari. A ƙarshen shekarar har takardar yabo aka ba ni, da hotona a bango.

To ga shi na san amsar tambayar da suka ba ni. Na san ta fiye da su duka. Alfarma ita ce a yi maka komai ba tare da ka ga fuskar mai yi ba, kuma kada kowa ya damu da kai sai ka danna ƙararrawa. Ba zagi nake ba. Haka abin yake, kuma mutane na sonsa, kuma suna da iko su so shi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 6:50 na safe

Da 'yarmu tana raye, yau da ta cika shekara tara.

Juma'a, 17 ga Oktoba, 3:00 na rana

Ranar kasuwa. Tireloli sun toshe hanya tun daga gada, ƙaho ta ko'ina, na mota da na shanu. Na dawo a ƙafa.

Khaulat ta kira. Ita kaɗai a zauren ta san inda nake zaune. Ta ce an rabu biyu da biyu: Jamil da Muhyiddeen na son sharaɗin, ita da Ɗayyabu ba sa so. Ƙuri'ata ce za ta raba, kuma Juma'a mai zuwa za a rufe.

"Yaya Luka, kai kake kwana a gidan mutumin nan. Ka buɗe baki mana."

"In ce me, Hajiya?"

"Abin da ka sani. Na ji muryarka a watan Yuni, na ji ta yanzu, ba ɗaya ba ce. Ban tambaye ka ba, ba kuma zan tambaya ba. Amma wani abu ya riƙe ka a garin nan, kuma na san ba kifi ba ne."

Na ce ana kirana a ofis. Ta ce, "Ofis ranar Juma'a da uku? To, a gaida ofis."

Matar nan tana da kirki, shi ya sa take gajiyar da ni.

Asabar, 18 ga Oktoba, 10:20 na safe

Na gwada. Na zauna a bakin gado na buɗe zauren na rubuta:

"Ranar 21 ga Yuni, da bakwai na safe, Alhaji Halliru ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ban amsa ba. Ya sake bugawa. Bai tafi ba."

Nan na tsaya. Layi na gaba na san shi, hannuna ne ya ƙi.

Mutum dubu goma sha ɗaya. A cikinsu akwai shugaban sashenmu. Akwai 'yan majami'armu. Akwai wan Rifkatu, shi ne ma yake fara sa alama a duk abin da na rubuta. Rifkatu ba ta sani ba. Abin da ta ɗauka ta tafi da shi gida ya ishe ta, ba zan aika mata da ƙari ta Fesbuk ba.

Shi Alhaji da ya fasa ƙofar ya kai ni asibiti, cewa ya yi ni ƙaninsa ne. Nas ta dubi sunana a kati, ta dube shi da hularsa da carbinsa, ya ce, "Rubuta dai, 'yata." Ga sauran baƙi da masu aiki ya ce zazzaɓi ne mai zafi. Ni da shi mun san ni na yi wa kaina. Daga ranar zuwa yau bai ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Ko kuɗin kafinta bai ambata ba.

Ya rufa mini asiri, ni kuma ba zan iya kare shi ba sai na tona. Na goge.

Lahadi, 19 ga Oktoba, 5:05 na yamma

Rifkatu ta ɗauka. Minti huɗu. Gyaɗa ta yi kyau bana, rufin ɗakin Mama na yoyo.

"Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"To."

Ba wanda ya ambaci ranar Alhamis.

Talata, 21 ga Oktoba, 1:40 na rana

Na nemi hanyar tsakiya. Na ce a bar sharaɗin ga manyan birane, a ɗauke wa ƙananan garuruwa, tunda kowane wuri da al'adarsa. Muhyiddeen ya ce in za a yi wa kowane gari nasa ma'auni to a bar jerin kawai, kowa ya kwana gidan ƙanwar babarsa. Ɗayyabu ya ce shi gidan ƙanwar babarsa ya fi masa otal ɗin Jidda. Aka yi ta yi.

Sai Jamil ya rubuta: "Oga Luka, ba raini ba, amma na ji an ce a can kake zaune. Ko don na gida ne?"

Na karanta ya fi sau goma. Ya ba ni haushi ne don gaskiya ya faɗa. Da wani otal ne a Gusau da ban san mai shi ba, da tuni na sa hannu a sharaɗin nan ban ko waiwaya ba. Wanda ya buɗe jerinmu ya ga an rubuta alfarma, ya san abin da yake tsammani. In muka sa masa wurin da za a tashe shi da bakwai, mun yaudare shi, komai kyan niyyar mai tashin.

Na gaji da zama mai gaskiya a kan abin da ba ni da ƙarfin faɗin gaskiyarsa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, 12:10 na rana

Uku da biyu. Ni na cika ukun.

Ni ma na tsara kalmomin, don na Jamil sun yi kaushi: "Ba mai gida, ba ma'aikaci, da zai ƙwanƙwasa ƙofar baƙo ko ya kira shi daga waje, sai in baƙon ne ya nema da bakinsa."

Jamil ya sa hoton tafi, ya ce Oga mai adalci. Ɗayyabu ya ce Allah ya kyauta. Khaulat ta rubuto mini ni kaɗai: "To."

Ina ta gaya wa kaina adalci na yi. Rabi gaskiya ne. Ɗaya rabin na san sunansa.

Juma'a, 5:30 na yamma

Ban bari ya ji a bakin masu kifi ba. Na same shi a teburinsa bayan la'asar na karanta masa. Ya ce in sake. Na sake.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ne, Alhaji."

"To ai ka fi ni sanin aikin."

Na so ya yi faɗa. Na so ya ce mini wani abu game da ƙofar nan, ko da kalma ɗaya, in samu abin da zan riƙe. Sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"In na bari, za ku sa ni?"

"Za mu sa ka. Sauran shidan duk ka cika."

"Gonar Indabo ba za ta dawo ba, Malam Luka. Ɗakunan nan sai sun ga mutane. Zan bari."

Na ce ai sabon ginin kaɗai ake magana, tsohon ba ruwan kowa da shi, yana iya ci gaba yadda ya saba. Na faɗe shi da sauri, har na ji kunyar saurin.

Ya girgiza kai. "Gida ɗaya ne, suna ɗaya. Gobe wani ya ɗau bidiyo a tsohon fa? A ce Halliru ya yi alkawari ya saɓa? In na bari, na bari. Wanda ya nema, ya faɗa mini, in sa masa alama a littafi. Ba haka takardarku ta ce ba?"

Na ce haka ta ce.

Litinin, 27 ga Oktoba, 7:35 na safe

Na farka tun shida. Na yi wanka, na sa kaya, na zauna a bakin gado.

Bakwai daidai na ji takunsa, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ɗaki na ɗaya, bai tsaya ba. Na biyu. Na uku. A tawa ƙofar takun ya ɗauke. Ina ganin inuwar ƙafafunsa ta ƙasan ƙofa. Na yi tari, da gangan, da ƙarfi.

Inuwar ta wuce.

Talata, 28 ga Oktoba, 7:10 na safe

Haka dai. Na yi tari.

Laraba, 29 ga Oktoba, 4:45 na yamma

Jerin ya fita. Shi ne na goma sha huɗu, shi kaɗai daga Wudil. Kafin azahar an kama ɗaki huɗu na makon yaye ɗalibai, wata mata daga Yola ta kama biyun da suka rage. Jamil ya sake sa bidiyo yana cewa tsohon ya waye, a je a gwada.

Alhaji ya tare ni a tsakar gida gaban masu aiki da mai gadi, ya kama hannuna da hannu biyu yana ta godiya. Allah ya saka, Allah ya raya zuri'a. Ya kai kan zuri'a sai ya katse addu'ar, ya ƙara matse hannun. Ya aiko mini da kifi rabin faranti.

Na ci. Ba laifin kifin ba ne.

Alhamis, 30 ga Oktoba, 7:15 na safe

Yau takun bai tsaya ba. Ko ya tsaya ban ji ba. Mutum yana sabawa, shi ma mutum ne.

Juma'a, 31 ga Oktoba, 8:05 na safe

Kalma nawa ce? Alhaji, a riƙa buga mini. Biyar. Na maimaita su a banɗaki, na maimaita ina ɗaura takalmi. Ni na rubuta ƙa'idar, na san ba ta hana ba. Sai dai duk wanda ya nemi a riƙa duba ko ya tashi, ya faɗi dalilinsa ko bai faɗa ba. Kuma mu biyun nan wata huɗu muka yi muna kiran abin zazzaɓi.

Na same shi a tebur, littafin baƙi a buɗe gabansa. Ya ja sabon layi da biro a gefen sunaye, na masu nema. Na leƙa. Ba alama ko ɗaya daga sama har ƙasa.

Muka gaisa. Na tsaya. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya cire murfin biron, ya ɗora bakinsa daidai lamba huɗu. Jira yake. Tirela ta wuce a titi, tagogi suka yi rawa, yana nan yana jira.

"Akwai abin da ake bukata, Malam Luka?"

Na ce sabulu ya ƙare.

Ya daɗe bai ɗauke biron ba. Sannan ya mayar da murfin, ya jawo aljihun tebur, ya ba ni guda biyu.